Daga Wa Kika Ji Labarin Kosta Rika?

Yalwawa, Dutse
Talata, bayan sallar Azahar

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina fata kin isa Kano lafiya, kin tarar da kawunki da iyalinsa lafiya. Allah Ya tsare ki a ƙasa, Ya tsare ki a sama ranar Alhamis idan jirginku ya tashi, Ya sauke ki a hannun mutanen kirki. Abbanki zai kawo miki wannan takarda gobe, tare da wani littafin rubutu mai baƙin bango. Kada ki buɗe su a gabansa.

Na yi ƙarya a kanki, Ummi. Ni ce na sa aka riƙe fasfonki mako biyar a cikin akwatin Abbanki, har ya rage kaɗan makarantar noman da ta ɗauke ki ta ba wani gurbinki. Kin ɗauka Gwaggonki ta Jahun ce, ko kuwa kin nuna mini kamar haka kika ɗauka. Gwaggo ta faɗi abin da na kai mata ne kawai.

Bari in tsara miki shi yadda ya faru, don ba na so in rage wa kaina laifi ta hanyar dunƙule magana.

Ranar da takardarki ta iso, na ji kin ce Amurka ta Tsakiya. Ban tsaya tambaya ba. Washegari a ajin matan da nake koyarwa a Islamiyya, na bari aka ja ni da hira, na ce musu ’yata za ta tafi Amurka, kuma ba gefe ba, can tsakiyarta. Suka yi ta barka, wata har da guɗa. Ni da nake karanta musu babin riya, na zauna ina jin daɗin idon da suke bina da shi. Da na dawo gida kika same ni ina tankaɗe, kika durƙusa kika ce, “Umma, ba Amurkar da ake faɗa ba ce. Ƙasa ce daban, ’yar ƙarama, sunanta Kosta Rika. Ba ma Turanci suke yi ba.” Kin faɗa a hankali, babu kowa a wurin. Duk da haka na ji kamar kin tuɓe mini hijabi a kasuwa.

Bayan kwana huɗu wata daga cikin ɗalibaina ta turo mini bidiyo a waya: sojoji suna harbi a kan titi, mata suna gudu da ’ya’ya, an rubuta a ƙasa wai can yankin ne. Ban tambaye ta inda ta samo ba. Ban so in tambaya ba. Na shiga motar Jahun na nuna wa Gwaggonki, na ce, “Yaya, ga inda ake so a kai yarinyar nan. Ƙasar sojoji da yaƙi.” Kin san ita ta raini Abbanki, ba ya ƙetare maganarta. Kafin in dawo Dutse ta riga ta kira shi.

Na daɗe ina tambayar kaina abin da ya kai ni. Na so in ce tsoro ne irin na uwa, kuma akwai shi. Amma idan na tsananta bincike a zuciyata, ina samun wani abu a ƙarƙashinsa: na ji kunyar komawa gaban matan nan in ce na yi kuskure, sai na ga idan tafiyar ta rushe, babu wanda zai sake tayar da zancen. Na kusa sayar da karatunki don in rufe wa kaina asiri na rana ɗaya. Astagfirullah.

Ke ce kika tashe ni, ba tare da kin sani ba. Kina tsinkar zogale a tsakar gida, idonki a kumbure, kika ce, “Umma, ƙasar nan ko soja ba ta da shi.” Na ce, “Wa ya gaya miki?” Kika ɗago kika dube ni, abin da ba ki saba yi ba, kika ce, “Umma, ke daga wa kika ji?”

Ba ki san kakanki ba, mahaifina, ya rasu kina goye. Yana da makarantar zaure a Buji, manya suke ɗaukar karatu a wurinsa. Duk wanda ya kawo masa magana, ko ta addini ko ta farashin gero, tambayarsa ɗaya ce: “Daga wa?” Idan mutum ya ce an ce, sai ya ajiye littafi ya ce, “Shi wannan An-Ce ɗan wace unguwa ne? Kai ni gidansa in gaishe shi.” Ɗalibai su yi dariya, mai maganar ya sunkuyar da kai. A cikin wannan tambayar na girma. Da na ji ta a bakinki, sai na ji kamar shi ne zaune a kan buzunsa yana kallona.

A ranar bayan La’asar ban tashi daga kan dadduma ba sai da na yi wa Allah alkawari biyu. Na farko, ba zan sake faɗin komai a kan ƙasar nan ba sai abin da zan iya ambaton inda na samo shi. Na biyu, zan warware ƙaryata da bakina a wuri uku kafin ki fita daga ƙofar gidan nan: gaban matan ajina, gaban Gwaggonki, da gabanki. Abbanki kuwa a ranar na gaya masa. Ya ce, “Ba ni za ki gaya wa ba. Je ki gaya wa Yaya.” Na san kuwa Yaya ba za ta saki magana don na ce na yi kuskure ba, sai na kai mata abin da ya fi bidiyon nan nauyi. Haka na fara neman tarihin ƙasar da wata biyu kafin nan ban san akwai ta ba. A cikin neman na sake yin wasu kurakuran, kuma su nake so ki ɗauka, don za ki zauna shekara huɗu a cikin mutanen da ba ki san abin da ya wuce a kansu ba.

Na fara da ɗakin karatu a nan Dutse. Rabona da shiga irin wurin tun ina koyarwa a firamare. Na gaya wa dattijon da ke tsaron littattafan abin da nake nema. Ya cire tabarau ya ce, “Kosta me, Hajiya? Mu dai kostar da muka sani mota ce, a tasha take.” Amma mutumin kirki ne, ya tashi ya yi ta laluben kanta har ya fito mini da littafin taswira da wani tsohon littafin labarin ƙasa, bangonsa ya cinye. A taswirar na fara ganinta: siririyar ƙasa a kan wani wuyan tudu da ya haɗa manyan nahiyoyi biyu, teku ta wannan gefe, teku ta wancan, Nikaragwa a samanta, Panama a ƙasanta. Na ɗora ɗan yatsana ya rufe ta gaba ɗaya. Shi kuwa littafin, shafi ɗaya da rabi ya ba ta: duwatsu masu aman wuta, ruwan sama, kofi, ayaba. Na kwafe duka, na fito ina jin na gama. Kuskurena a nan shi ne na yarda da shi don kawai bugagge ne. Sai da na zo gida na sake karantawa na lura babu mutum ko ɗaya a ciki. Baƙo ne ya rubuta shi, don baƙi, ya lissafa abin da jirgin ruwa zai iya ɗauka ya tafi da shi.

Saboda haka, duk littafin da ya zo hannunki, kafin ki karanta shafin farko ki duba abu uku: wa ya rubuta, yaushe, kuma don wa. Ki fara da taswira, wannan kam ya yi mini amfani. Amma kada ki tsaya a kan littafi ɗaya ko da kaurinsa ya kai turmi.

Daga nan na koma ga waya, ga manhajar nan da ake yi wa tambaya ta amsa kamar mutum. Ta ba ni amsa mai tsawo, mai santsi, babu in-ina. Har da sunayen littattafai biyar. Na ji daɗinta ƙwarai, don ba ta taɓa sa ni jin ni jahila ce ba. Na ɗauki sunayen na tafi jami’a, aka yi mini kwatance zuwa ofishin wani malamin tarihi, mutumin wajen Haɗeja, matashi, bai fi kawunki ba a shekaru. Na yi sallama, na zayyana masa buƙatata. Ya ce, “Gaskiya, Hajiya, ban sani ba. Ni tarihin ƙasar Hausa na karanta. Abin da na sani game da wannan ƙasa bai cika cokali ba.” Wallahi a raina na raina shi. Na ce wannan wane irin malami ne, waya ma ta fi shi. Na fara tattara mayafina.

Sai ya ce in ba shi takardar da na rubuta sunayen. Ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya a kwamfutarsa, ina zaune ina kallon fanka. Huɗu ya same su, ya nuna mini masu su da inda aka buga su. Na biyar ya nema ta ko’ina bai same shi ba. Ya ce, “Ko dai akwai shi ban iya nema ba, ko kuma babu shi. Kada ki rubuta shi tukuna.” Bayan mako guda na koma, ya buga mini babi biyu daga cikin waɗanda ya samu da wasu maƙalu uku, ya sa mini alama da jan biro inda marubutan suka saɓa wa juna. Wanda na raina shi ne ya yi mini aikin da mahaifina zai yarda da shi.

Ki riƙe wannan, Ummi. Idan kin je can, ki nemi wanda zai iya ce miki bai sani ba, ki manne masa. Wayar ba haramun ba ce, ta nuna mini ƙofofi huɗu na gaskiya. Amma duk abin da ta faɗa miki, ki bi shi har inda ya fito, ki gani da idonki. Ni kaina shekara ashirin ina gaban allo, ban tuna ranar da na ce wa yara ban sani ba. Idan suka yi tambayar da ta fi ni, sai in ce lokaci ya ƙure. Ina tsoron wannan ranar hisabi fiye da yadda kike zato.

Karatun ya ba ni wuya. Turancina ya yi tsatsa, idona kuma ba ya jure ƙananan baƙaƙe. Shafi uku ne iyakata tsakanin Walaha da Azahar, ƙamus a gefe. A nan na yi kuskure na uku. Abu biyu kawai nake farauta: akwai yaƙi ko babu, akwai Musulmi ko babu. Na samu. Marubuta biyu da ba su san juna ba sun haɗu a kan cewa sun yi wani gajeren yaƙin basasa fiye da shekara saba’in da suka wuce, bayansa suka rushe rundunar sojansu, har yau ba su mayar ba. ’Yan sanda suke da su. Gaskiyarki ke nan. Musulmi kuwa kaɗan ne ƙwarai, akwai masallaci a babban birninsu. Da na sami waɗannan sai na rufe takardun. Da na sake zuwa ofishinsa, malamin ya tambaye ni, “Hajiya, kin karanta babin masu jirgin ƙasa?” Na ce bai shafe ni ba. Ya ce, “Da su ’yarki za ta yi maƙwabtaka.”

Na koma na karanta, ina jin nauyi. Ashe akwai mutanen da Turawan Sifaniya suka tarar a ƙasar, masu harsunansu da gonakinsu, waɗanda cuta da bauta suka cinye da yawansu, jikokinsu suna nan har yau. Ashe akwai baƙar fata irinmu a gaɓar tekun gabas, ɓangaren da makarantarki take, waɗanda aka kwaso kakanninsu daga tsibirai don su shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a cikin daji da zazzaɓi, suka zauna suna aikin gonakin ayaba, aka daɗe ba a lissafa su cikakkun ’yan ƙasa ba. Ni da na je neman tarihin mutane, ban nemi komai ba sai kwanciyar hankalina.

Kada ki yi haka. Za ki ci abincinsu, ki sha ruwansu, ki koyi noma a kan ƙasarsu. Haƙƙinsu ne ki san abin da ya same su. Kuma ki tuna da garinku. Abin da Bature ya rubuta a kan Dutse daban, abin da aka rubuta daga Kano daban, abin da tsofaffin unguwar Garu za su gaya miki a ƙofar gida daban. Duk wanda ya ji ɗaya ya bar biyu bai san Dutse ba. Can ma haka za ki tarar. Malamin ya ce yawancin abin da ’yan ƙasar suka rubuta da hannunsu da Sifaniyanci yake, ba a fassara ba, shi ya sa hannunmu bai kai ba daga nan. Ke naki zai kai. Ki koyi harshen da gaske, ba na sayen tumatir kawai ba. Ki shiga ɗakin karatun makarantarku ki tambayi littafin da ’ya’yansu suke karantawa a sakandare, don a nan za ki ga abin da ƙasa take so a tuna. Sannan ki je gidan adana kayan tarihi da rana, tare da ƙawa. Bayan haka ki zauna da tsofaffin matan da ke aiki a gona ko a kicin, ki gaishe su yadda kike gaida Gwaggo, ki tambaye su abin da littafin ya tsallake. Idan maganarsu ta saɓa, ki rubuta duka, kowace da sunan mai ita. Ba aikinki ba ne ki yanke musu hukunci a shekarar farko.

Littafin mai baƙin bango shi ne abin da na tara. Kowane shafi na raba shi biyu: dama magana, hagu daga wa. Za ki ga wurare biyu da na bar hagun da alamar tambaya. Ɗaya, na karanta cewa asalin masara daga can yankin take, ni kuwa tun ina yarinya na ɗauka daga Masar ta zo saboda sunanta. Ke mai karatun noma ki binciko mini. Na biyu, malamin ya ce ya ji suna da wata kalma, ohala, da suke faɗa idan suna fatan abu, wai daga Larabcin Andalus ta samo asali, sunan Allah ne a ƙarshenta. Shi ma ji ya yi. Na so ƙwarai ta zama gaskiya, shi ya sa ban yarda da kaina a kanta ba. Rabin littafin babu komai. Naki ne.

Yanzu sauran alkawari. Matan ajina na tsaya a gabansu ranar wata Asabar na ce, “Na gaya muku ’yata za ta Amurka. Ba haka ba ne, kuma alfahari ne ya sa na faɗa.” Sai wata tsohuwa daga baya ta ce, “To Malama, a mayar mana da guɗarmu.” Aka yi dariya, ni ma na yi. Wadda ta turo bidiyon na tambaye ta daga wa. Ta ce daga zauren unguwarsu, su kuma daga wani zauren. Har yau ban san ƙasar da aka yi harbin nan ba. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka mutu a cikinsa, na yi amfani da gawarsu ban san ko su waye ba.

Jahun na je ranar kasuwa, da taswirar da na aro da littafina. Na tarar da Gwaggonki tana ɓarar gyaɗa. Na zauna a ƙasa na faɗa mata komai. Ba ta daina ɓara ba. Ta ce, “Wato ke ’yar malamai kika zo har ɗakina kika ɗora mini ƙarya a ka, na ɗauka na kai wa ƙanena?” Na ce, “Haka ne, Yaya.” Ta ce, “Ƙasa babu soja. To idan ɓarayi suka zo, da ayaba ake jifansu?” Na ce akwai ’yan sanda, kuma ban ce babu ɓarayi ba, ban ce babu haɗari ba, abin da na ce kawai shi ne wancan yaƙin ba nasu ba ne. Ta ce in nuna mata wurin. Na nuna. Ta daɗe tana kallo, ta auna da ɗan yatsa daga nan zuwa can, ta ce, “Duk wannan shuɗin ruwa ne?” Na ce ruwa ne. Ta share ido da gefen zane ta ce, “Miƙo mini wayar can. Ke kuma ki tashi ki ci tuwo, fuskarki kamar wadda aka kora daga gidan biki.” Washegari Abbanki ya buɗe akwati.

Saura ke. Kin san ke ce ta fari, kuma sunan mahaifiyar Abbanki gare ki. Ban taɓa kiran sunanki na yanka ba, ban taɓa zama na yi doguwar hira da ke ba, haka aka raine ni. Mako uku ina ɗaga maganar daga yau zuwa gobe, ina fakewa da kunyar ’yar fari. Na bincika wannan ma, na ga ba kunya ce kaɗai ba. Durƙusa wa Yaya bai yi mini wuya ba, tana gaba da ni. Ke ce ban iya sunkuyar wa kai ba.

Yau da safe kin shigo ɗakina sallama, mota tana jira. Kin durƙusa kin ce, “Umma, ki yafe mini duk abin da na yi miki.” Kika ƙi tashi. Na san jira kike. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “Kin sa kuka da daddawar a jaka?” Kika ce kin sa. Na ce Allah Ya kiyaye hanya.

Ki yafe mini, Ummi. Ki tsare sallarki a kan lokacinta, ki tambayi alƙibla kada ki yi zato. Allah Ya raka ki, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kare ki daga sharrin ruwa da na tudu, Ya ba ki ilimi mai amfani, Ya dawo mana da ke lafiya ina raye ko ba na raye. Na yafe miki duniya da lahira, ko da yake ban san abin da kika yi mini ba.

Alkawarina na farko na riƙe shi har yau. Na biyun kuwa, na ce da bakina, na ce kafin ki fita daga ƙofar gidan nan, kuma takarda ba baki ba ce. Gobe zan dafa abincin mutum goma in fitar na kaffara. Ban cika alkawarin ba.

Wassalam,
Mahaifiyarki